Tambayoyi da Amsoshi Kan Gajerun Labaran Kimiyya da na Adabi: Karatu, Sharhi da Wallafawa da Kanka

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son gajeren labari, musamman waɗanda suka fara da karatu, sannan sha'awar rubutu ta kama su. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuwa sai an zauna.

Mene ne ƙagaggen labarin kimiyya, kuma a ina ya rabu da labarin tsafi da aljanu?

Labari ne da ke ɗauko wani abu da ilimi ya sani, ko yake hasashe, ya ja shi gaba, sannan ya duba abin da zai faru da mutane idan hakan ta tabbata. Idan aka ƙera mutum-mutumi mai tunani, wa zai ɗauki alhakin laifinsa? Idan mutane suka tare a duniyar Mars, jikokinsu za su ci gaba da kiran wannan duniyar gida? Idan ruwan teku ya cinye birane, ina jama'a za su nufa, kuma wa zai buɗe musu ƙofa?

Bambancinsa da labarin tsafi yana ga dalili. A labarin tsafi, zobe yana ɓatar da mutum saboda zoben tsafi ne, magana ta ƙare. A labarin kimiyya, marubuci ya yi wa mai karatu alkawarin cewa akwai ƙa'ida a ƙarƙashin abin mamakin, ko da bai zayyana ta duka ba, kuma ba zai karya ta don ya fitar da jaruminsa daga rami ba. Duka biyun suna da daɗinsu, kuma akwai marubutan da ke gauraya su da gangan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka fara da ƙa'ida, sai da labari ya cije ka jefar da ita.

Sabon abu ne?

A'a. Masu nazari da yawa suna fara lissafi daga Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Daga baya Jules Verne a Faransa da H. G. Wells a Ingila suka faɗaɗa fagen. Labarin Wells na na'urar tafiya cikin zamani ya fito ne a 1895. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ta keɓe kanta ga irin wannan rubutu kaɗai, kuma sunansa aka sa wa lambar yabo ta Hugo da aka fara bayarwa a 1953. Abin lura a nan shi ne, a mujallu wannan fanni ya girma, wato da gajerun labarai ya yi ƙarfi kafin manyan littattafai su mamaye kasuwa. Hausa ma ba a bar ta a baya ba: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito tun 1969.

To shi kuma "labarin adabi" fa? Ya fi na kimiyya daraja ne?

Abin da ake nufi da shi shi ne labarin da ya fi ba da ƙarfi ga halin mutum, da zaɓen kalma, da abin da ke gudana a zuci, fiye da gudun al'amura. A irin labaran Anton Chekhov na Rasha, sau da yawa babu wani babban abin da ya faru a zahiri: mutum biyu sun yi hira, ɗaya ya tafi, amma mai karatu ya tashi da sanin cewa rayuwar ɗayan ta karye. Alice Munro ta Kanada ta samu kyautar Nobel a 2013, kuma kusan duk aikinta gajerun labarai ne na mutane talakawa.

Batun fifiko kuwa, ban yarda da shi ba, kuma ina ganin yana cutar da sababbin marubuta ta ɓangarorin biyu. Mai rubuta kimiyya sai ya ɗauka tunda yana da sabuwar dabara, ba ya bukatar jimla mai kyau ko mutum mai rai. Mai rubuta adabi sai ya ɗauka tunda jimlolinsa na da kyau, ba dole ba ne wani abu ya motsa a labarin. Dukkansu sun yi asara. Ka duba labarin Ted Chiang na 1998 wanda aka mayar da shi fim ɗin Arrival a 2016: akwai baƙi daga sararin samaniya, akwai ilimin harshe da na lissafi, amma abin da ya riƙe labarin uwa ce da 'yarta. Rabon da ake yi tsakanin fannonin biyu ya fi amfanar mai jera littattafai a kanta fiye da mai rubutu.

Kalma nawa ake kira gajeren labari?

Masu lambobin yabo na Hugo da Nebula (ita ma ta labaran kimiyya ce) suna da ma'auni da mutane da yawa ke bi: ƙasa da kalma 7,500 gajeren labari ne, daga 7,500 zuwa 17,500 mataki ne na gaba, daga 17,500 zuwa 40,000 matsakaicin littafi, abin da ya haura 40,000 cikakken littafi. Gasar gajeren labari ta ƙasashen Commonwealth tana karɓar kalma 2,000 zuwa 5,000. Tun a 1842 Edgar Allan Poe ya kawo ma'aunin da ya fi lamba amfani: labarin da za a karance a zama ɗaya, wanda komai a cikinsa ke aiki don barin tasiri guda a ran mai karatu.

Ban karanci kimiyya a makaranta ba. Zan iya rubuta irin wannan labari?

Za ka iya. Amma abin da ka taɓa, ka bincike shi har ka daina jin tsoronsa. Idan jarumarka tana cikin kumbo, ka san cewa sauti ba ya tafiya inda babu iska, kuma saƙo tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar mintuna kafin ya isa, don haka ba za a yi hira ta kai-tsaye ba. Irin wannan sani ba ya takura labari, kyauta ma yake ba shi. Mace ta aika wa mijinta tambaya, ta zauna tana jiran amsa minti goma sha wani abu, ta san ya riga ya faɗi abin da zai faɗa amma bai iso ba tukuna: ga labari nan ya samu da kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juye duk binciken a kan takarda. Bari in ba da misali da labarin da na ƙaga yanzu. Akwai asibitin da ke goge wa mutum tunanin da ke ci masa rai. Wani uba ya je a goge masa mutuwar ɗansa. Marubuci mai gaggawa zai cinye shafi uku yana bayanin wayoyi da allurai da yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya. Marubucin da ya san aikinsa zai wuce asibitin da layi biyu, ya dawo da uban gida, ya tsayar da shi a bakin ƙofa yana kallon ƙananan takalma, ya juya ya tambayi matarsa, "Yaron wa ya bar takalmansa a nan?" Ita kuwa ba a goge mata komai ba. Na'urar ta gama aikinta tun da ta kawo mu ga wannan tambayar, kuma duk sauran labarin yana fuskar matar.

Yaya zan karanta gajeren labari in ƙaru da shi, ba in wuce kawai ba?

Karanta shi sau biyu. Na farko ka saki jiki, kada ka riƙe alƙalami, ka bar shi ya yi maka abin da ya zo yi. Idan ka gama, ka ɗan dakata ka tambayi kanka me ya rage maka a rai: tausayi, ko fargaba, ko haushi, ko ba komai. A karo na biyu ne za ka nemo yadda aka yi hakan ta faru.

Ka duba inda labarin ya fara, ka tambayi dalilin da ya sa bai fara kwana ɗaya kafin nan ba. Ka duba ta idon wa ake kallo, da abin da wannan mutumin bai sani ba amma kai ka gane. Ka nemo wurin da abu ya juya, sau da yawa jimla ɗaya ce tak, kuma ba ta da ƙara. Sannan ka lura da abin da marubucin ya ƙi faɗa. A gajeren labari babu wurin ɓarna, saboda haka idan an ambaci agogon bango sau biyu, ba banza ba. A labarin kimiyya akwai ƙarin abin dubawa: ta yaya aka sanar da kai dokokin wannan sabuwar duniya? Ƙwararru suna sakin bayanin a hankali cikin aiki da hira, har ka fahimci ana sayar da iskar shaƙa a garin ba tare da kowa ya tsaya ya yi maka lacca ba, don kawai ka ga uwa tana ƙirga kuɗin iskar wata.

Wata dabara da nake ba kowa shawara a kanta: ka kwafe sakin layi ɗaya da ya burge ka da hannunka. Hannu yana gano abin da ido ya tsallake.

A ina zan samu labarai masu kyau ba tare da kashe kuɗi ba?

Tsofaffin ayyukan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan a Project Gutenberg, ɗakin karatu na kyauta a intanet, wanda aka fara tun 1971. Na zamani kuwa, mujallun intanet irin su Strange Horizons, da aka kafa a 2000, da Clarkesworld, da aka kafa a 2006, suna sakin labaransu kyauta. Omenana, wadda ta fara a 2014, ta marubutan Afirka ce. Jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na Hugo, da Nebula, da Nommo da kyautar Caine (waɗannan biyun na marubutan Afirka ne), shi ma taswira ce mai kyau ga wanda bai san ta inda zai fara ba. Ka guji shafukan da ke raba littattafan marubuta masu rai ba da izininsu ba. Gobe naka za a raba.

Ina so in fara rubuta sharhi. Me ake sawa a ciki?

Sharhi ba taƙaita labari ba ne. Wannan shi ne ramin da yawancin masu farawa ke faɗawa: su kwashe labarin daga farko har ƙarshe, sannan su rufe da "ya yi daɗi sosai, ku nema." Wanda ya karanta wannan bai san ko labarin nasa ba ne, shi kuma marubucin bai ƙaru da komai ba.

Abu uku mai sharhi yake bin mai karatu bashi. Ya faɗi abin da labarin ya yi niyyar yi. Ya faɗi ko ya cim ma niyyar. Ya nuna hujja daga cikin rubutun. Na ukun shi ne wanda ake gudu, don yana bukatar komawa shafi. Kwatanta waɗannan biyun. "Jarumar ba ta gamsar da ni ba." Da kuma: "An ce mana jarumar likita ce da ta shekara ashirin a tashar sararin samaniya, amma da iska ta fara zurara sai ta tsaya tana tambayar yaron da ya zo jiya abin da za a yi." Na farko ra'ayi ne da ba a iya musu da shi ko amfana da shi. Na biyu kowa zai iya buɗe littafin ya duba, marubucin kuma ya san inda zai gyara.

Ka auna labari da abin da ya sa a gaba, kada ka auna shi da wanda kai za ka rubuta. Idan labari ne mai tafiyar hawainiya a kan tsoho da ke jiran wasiƙa, rashin faɗa da tsere ba aibi ba ne. Idan tarin labarai ne, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba; zaɓi biyu ko uku da suka fi ƙarfi, da ɗaya da ya gaza, ka faɗi zaren da ya haɗa su. Kuma rubutun kake yi wa sharhi. Halin marubucin da rayuwarsa ba su shigo ba.

Ya halatta in tona ƙarshen labari a sharhi?

Idan sharhin na waɗanda ba su karanta ba ne, kada ka tona. Gajeren labari sau da yawa a shafinsa na ƙarshe ya tara dukiyarsa. Idan nazari ne mai zurfi wanda ba zai yiwu ba sai an taɓa ƙarshen, ka yi gargaɗi a sama.

Abokina ne ya rubuta, kuma bai yi kyau ba. Me zan ce?

Ka gaya masa gaskiya tsakaninku, da hujja, da tausasawa, tun kafin ya wallafa in da hali. Idan ya riga ya fitar kuma ba za ka iya yabonsa da zuciya ɗaya ba, ba dole ne ka yi sharhi a bainar jama'a ba. Abin da bai kamata ba shi ne yabon ƙarya, don ranar da masu bin ka suka sayi littafi a kan maganarka suka ga ba haka ba, ba za su sake yarda da kai ba, har a kan littafin da ya cancanta. Idan kuma kyauta aka ba ka littafin don ka yi sharhi, ka faɗa a fili.

In aika wa mujallu, ko in wallafa da kaina?

Ga gajeren labari guda, ina ba da shawarar a fara da mujallu da gasanni. Dalili na farko shi ne edita: mutumin da ya karanta dubban labarai, wanda ba ya jin kunyarka. Ko ƙin karɓa ya yi, ka koyi wani abu, balle in ya haɗa da layi biyu na dalili. Na biyu, mujalla tana da masu karatunta a shirye. Na uku, manyan mujallun kimiyya na Turanci suna biya. Ƙungiyar marubutan fannin ta Amurka ta sa senti 8 na dalar Amurka a kowace kalma a matsayin mafi ƙarancin biyan ƙwararru a 2019.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun wuri. Abin da yawancin mujallu ke saye shi ne haƙƙin zama na farko da ya buga labarin. Idan ka riga ka sa shi a Facebook ko Wattpad ko shafinka inda kowa zai gani, a wurinsu an riga an buga shi, kuma da yawa ba za su karɓa ba. Don haka tsarin da ya fi hikima shi ne mujalla tukuna, bayan wa'adin da yarjejeniya ta gindaya ya cika haƙƙin ya dawo hannunka, sai ka tara labaran ka fitar da su littafi guda da kanka. Karanta yarjejeniyar da kyau kafin sa hannu, ka tabbata an rubuta yaushe haƙƙin zai dawo.

Wallafawa da kai tana da nata gurbin, ba mafakar wanda aka ƙi ba ce. Andy Weir ya fara sakin The Martian babi-babi a shafinsa, masu karatu suka nemi ya sa a Kindle, dandalin littattafan lantarki na kamfanin Amazon, ya sa a kan senti 99, daga nan kamfanin Crown ya buga shi a 2014, fim ya biyo baya a 2015. Hugh Howey ya fara Wool a 2011 a matsayin gajeren labari da ya wallafa da kansa, masu karatu suka matsa sai ya ci gaba. Amma ana yawan ambaton waɗannan biyun ne saboda irinsu ba su da yawa. Mafi yawan tarin gajerun labarai, ko na sanannun marubuta, ba sa kai cikakken littafi ciniki. Ka shiga da sanin haka.

Na yanke shawarar fitarwa da kaina. Me zan yi kafin in danna maɓallin?

Ka ajiye rubutun makonni ba ka duba ba, sannan ka karanta shi da babbar murya. Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, jimlar ce ke da matsala. Ka ba mutum biyu ko uku waɗanda ke karanta irin wannan rubutun, kada ka tambaye su "ya yi kyau?", ka tambaye su ina suka gaji, ina suka ruɗe. Bayan nan a samu mai gyaran rubutu daban, domin ido ba ya ganin kuskuren da hannunsa ya yi.

Tsarin labaran a cikin littafi shi ma aiki ne. Mafi ƙarfi ya zo farko, saboda dandalin sayarwa suna nuna wa mai saye shafukan farko kyauta, kuma da su zai yanke hukunci. Bangon littafi ka gwada shi a ƙanƙance, kamar yadda zai bayyana a fuskar waya: in ba a iya karanta sunan, a sake. Fayil ɗin ya zama EPUB, wanda rubutunsa ke daidaita kansa da girman allo, saɓanin PDF da ke wahalar da mai ƙaramar waya. Mai rubutu da Hausa kuma ya buɗe fayil ɗin a na'urori daban-daban ya duba ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu nau'o'in haruffa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa. Ka kuma duba jerin harsunan da dandalin ke karɓa kafin ka gama shiri, don ba kowane harshe kowannensu ke ɗauka ba.

Nawa marubuci ke samu?

A tsarin da Amazon ya daɗe yana bi a dandalinsa na KDP, inda marubuta ke wallafa littattafansu da kansu, wanda ya fara a 2007, littafin lantarki da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99 yana kawo wa marubuci kashi 70 cikin ɗari a ƙasashen da tsarin ya shafa, bayan an cire ɗan kuɗin saukewa. Abin da ya fita daga wannan iyaka kashi 35 ne. Ka ga ke nan labari guda da aka sa a senti 99 kusan senti 35 zai kawo, shi ya sa tari ya fi guda ɗaya ma'ana. Akwai kuma KDP Select, inda za ka yi alkawarin ba za ka sayar da littafin lantarkin a wani wuri ba na kwana 90. Mai son littafinsa ya shiga shaguna da yawa lokaci guda yana iya bi ta Draft2Digital, kamfanin da ke rarraba littattafai zuwa shagunan intanet, wanda ya haɗe da takwaransa Smashwords a 2022. Sharuɗɗan nan suna canzawa, saboda haka ka karanta na ranar da za ka shiga, ka kuma tabbatar da hanyar da kuɗin zai iso hannunka a ƙasar da kake, da harajin da za a cire.

Ina bukatar lambar ISBN? Haƙƙin mallaka fa?

ISBN ita ce lambar shaida ta duniya da ake ba littafi. Littafin lantarki a Amazon ba ya bukatarta, suna ba shi lambarsu. Na takarda da za a sayar a shaguna yana bukata, kuma kowane nau'i da tasa lambar. Haƙƙin mallaka kuwa, a ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, naka ne daga lokacin da ka rubuta, ba sai ka yi rajista ba. Duk da haka ka adana tsofaffin kwafe masu kwanan wata. Ka kuma sani dabara ba ta da mai ita: kowa na iya rubuta labarin tafiya cikin zamani. Kalmominka da yadda ka gina labarin su ne naka.

Wani kamfani ya yaba labarina, ya ce in biya su buga. In biya?

Ka yi hattara. A wallafa ta gaskiya, kuɗi daga kamfani yake zuwa wurin marubuci. Biyan edita ko mai zanen bango don aikin da ka gani da idonka daidai ne, kai ne mai littafi, su ma'aikata. Amma wanda zai karɓi kuɗinka, ya kuma riƙe haƙƙin littafinka, ribarsa daga aljihunka take, ba ruwansa da ko an saya. Ka nemi littattafan da suka fitar a baya, ka ga ko akwai inda ake sayar da su.

Zan iya amfani da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mini?

A watan Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta rufe karɓar labarai na wani lokaci saboda ɗaruruwan rubuce-rubucen na'ura da suka yi mata ambaliya. Mujallu da gasanni da yawa yanzu sun haramta su a fili, kuma Amazon yana tambayar mai wallafa ko na'ura ce ta samar da rubutun ko hotunan. Wannan ɓangaren doka ke nan. A nawa ganin, wanda ya miƙa wa na'ura rubutun ya miƙa mata daidai wurin da ake koyon aikin, wato zaman da za ka yi da jimla ɗaya har ka gano abin da kake nufi. Mai karatu ya ba ka rabin sa'arsa ne don ya ji yadda wani ɗan Adam ya ga duniya.

An yi wa littafina sharhi mai zafi. In mayar da martani?

Kada ka mayar, ko da mai sharhin ya yi kuskure a fili. Sharhi zance ne tsakanin masu karatu, kuma marubucin da ya shigo yana kare kansa yakan sa sauran su ja baya. Ka bar shi kwana biyu, ka sake karantawa bayan zuciya ta huce. Idan mutum ɗaya ne ya ce tsakiyar labarin ta yi ja, wataƙila ɗanɗanonsa ne. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, ka koma wurin da alƙalami. Idan kuskuren rubutu aka nuna maka, littafin lantarki yana gyaruwa: ka gyara fayil ɗin, ka sake ɗorawa.